Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Darasi Daga Shekara 102 Na Hajiya Dada



Duk wanda ya taso daga filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe ko daga Lugbe zai shiga cikin garin Abuja, babban titin Umaru Musa 'Yar'aduwa yake bi. In ya ƙarasa tsakiyar birni kuma, ga Cibiyar Shehu Musa 'Yar'aduwa nan inda ake yawan taruka. Wa da ƙane ke nan, uwa ɗaya uba ɗaya. A kan mahaifiyar tasu, marigayiya Hajiya Dada, nake so mu tsaya a wannan mako, domin a tarihin gidanta akwai darasin da ya shafi lafiyar kowane gida.

Hajiya Dada ta rasu a Katsina ranar 2 ga Satumba, 2024, tana da shekara 102 kamar yadda aka sanar. Wato wajen 1922 aka haife ta, zamanin da Sarki Muhammadu Dikko ke kan karagar Katsina. Ta ga zamanin Dikko, ta ga na Usman Nagogo, ta ga na Muhammadu Kabir Usman, ta kuma riski na Abdulmumini Kabir Usman. A shekarar da aka ce an haife ta ne aka fara yi wa ɗan Adam allurar insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada. Penisilin ma sai a 1928 aka gano shi, bai kuma wadata ba sai a shekarun 1940. Ta yi ƙuruciya a lokacin da agana ke shiga gari ta kwashe yara, ta kuma rayu har shekara 44 bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da kawar da cutar a 1980.

Mijinta, Alhaji Musa 'Yar'aduwa, Matawallen Katsina, shi ne Ministan Harkokin Legas a jamhuriya ta farko, ya kuma rasu a 1993. Ɗanta Janar Shehu, wanda ya zama mutum na biyu a gwamnatin soja ta Obasanjo daga 1976 zuwa 1979, ya rasu a gidan yarin Abakaliki ranar 8 ga Disamba, 1997, yana da shekara 54. Ɗanta Malam Umaru, gwamnan Katsina daga 1999 zuwa 2007, kuma shugaban ƙasa daga 2007, ya rasu a nan Abuja ranar 5 ga Mayu, 2010 bayan doguwar jinya, yana da shekara 58. Ta yi kusan shekara 27 a duniya bayan Shehu, ta yi 14 bayan Umaru. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya, Ya sa Aljanna ce makomarsu.

Uwa ta haura ɗari, 'ya'ya biyu ba wanda ya kai sittin. Rai da ajali na Allah ne, wannan babu ja. Amma ta fuskar sababi, wanda shi ne aka umarce mu da riƙo da shi, tarihin wannan gida yana nuna mana cewa tsawon ran tsohuwar gida ba lamuni ba ne ga 'ya'ya da jikoki. Abin da za mu fi amfana da shi daga wurin tsofaffinmu shi ne abin da suka gani suka riƙe a ka.

Shin ana gadon tsawon rai?

Ana gada, amma kaɗan. Wani sanannen bincike da aka wallafa a 1996 ya bi tarihin tagwaye fiye da tagwai 2,800 da aka haifa a ƙasar Denmak tsakanin 1870 da 1900. Sakamakon ya nuna cewa gado yana ɗaukar kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne na bambancin tsawon rai tsakanin mutane. Sauran kashi ukun ya rataya ne a kan abinci, muhalli, sana'a, taba, cututtuka masu yaɗuwa, haɗurra, samun magani a kan lokaci, da abin da rayuwa ta jefo wa mutum. Rasuwar Janar Shehu a tsare misali ce a fili, babu ruwan gado a cikinta.

Gaskiya ne masu bincike a birnin Boston na Amurka da ke bibiyar waɗanda suka kai shekara 100 sun lura cewa 'yan'uwan irin waɗannan mutane sun fi sauran jama'a damar daɗewa. An kuma san cewa wajen huɗu cikin biyar na masu kai wa ɗari a duniya mata ne. Sai dai kowane ɗa rabi ya ɗauko daga uwa, rabi daga uba. Mai kaka 'yar shekara 95 yana da wasu kakanni uku, kuma jininsu duka yana gudana a jikinsa. Su fa, da me suka tafi, kuma suna da shekara nawa?

Abin da ya faru a kantinmu

Wani ma'aikacin gwamnati ɗan shekara 36 ya saba zuwa kantin maganin da nake aiki yana sayen maganin ciwon kai. Da na ga zuwan ya yi yawa, sai na roƙe shi ya zauna a gwada jininsa. Aka samu 170 bisa 105. Muka bari ya huta aka sake, bai sauka ba. Ga wanda bai sani ba, in awo ya tsaya a 140 bisa 90 ko sama da haka a gwaji daban-daban, hawan jini ne.

Na ce, “Malam, akwai mai hawan jini a gidanku?”

Ya yi dariya ya ce, “Haba Hajiya, mu ai tsawon rai gare mu. Kakata ta haura casa'in, har yanzu da kanta take tsinke zogale.”

Na rubuta masa takarda zuwa asibiti, na kuma ce in ya samu sarari ya kira kakar tasa ya tambaye ta yadda mazan gidan suka rasu. Bayan mako biyu ya dawo jikinsa a sanyaye. Ya ce da ya tambaye ta sai ta ce, “Kai maigidan, yau kuma tonon asiri ka kira ka yi mini?” Daga nan ta zayyano masa. Kakansa, wato mijinta, a gona ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, bai kai hamsin ba. Baffansa kumburin ƙafa da fuska ya yi kafin ya rasu, aka ce sammu ne. Gwaggonsa kuma jijjiga ce ta kama ta a haihuwar fari, ta tafi da cikin. Shi duk abin da ya taso yana ji shi ne “gajeriyar rashin lafiya”.

Mutum uku a gida ɗaya, kuma alamun duka ukun suna nuni zuwa ga hawan jini da abin da yake haifarwa a ƙwaƙwalwa da ƙoda. Kusan shekara arba'in labarin yana wurin tsohuwa, babu wanda ya tambaye ta. Yanzu yana kan magani, ya daina haɗiyar magungunan kashe ciwo barkatai, ya kuma sa ƙannensa biyu sun je an duba su.

Me ya sa ba mu sani ba?

Dalili na farko kunya ce da kawaici. Sanarwar rasuwa a wurinmu ba ta wuce “bayan gajeriyar rashin lafiya” ko “bayan doguwar jinya”. Wasu cututtukan, irin su farfaɗiya, taɓin hankali da ciwon daji, ɓoye su ake yi don kada a ƙi auren 'ya'yan gidan. Uwa kuma, musamman a tsakaninta da ɗan fari, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta zauna tana ba shi labarin ɓarin da ta yi ko wahalar haihuwar da ta sha.

Na biyu, ba mu da rubutu. Matar da aka tabbatar ta fi kowa daɗewa a duniya, Jeanne Calment ta ƙasar Faransa, ta rasu a 1997 tana da shekara 122. A Ostireliya, Christina Cock ta rasu a 2002 tana da 114. An iya tabbatar da shekarunsu ne saboda akwai rajistar haihuwa da ta aure da aka adana tun ƙarni na 19. Mu kuwa yawancin kakanninmu a ɗaki aka haife su, a ɗaki suka haihu, kuma mamatanmu da dama ba su taɓa ganin likita ba. Abin da ya rage mana shi ne ƙwaƙwalwar tsofaffi, musamman mata, domin su ne masu jinya, su ne masu karɓar haihuwa, su ne masu zaman jego.

Abin farin ciki, al'adar da ta sa kunya tsakanin uwa da ɗa ita ce ta buɗe ƙofar wasa tsakanin kaka da jika. Abin da uwa ba za ta iya furtawa ba, kaka za ta faɗa wa “kishiyarta” ko “maigidanta” tana dariya. Saboda haka wannan aiki na jikoki ne. An ma taɓa yin irinsa a ƙasar Zazzau: tsakanin 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa Bahaushiya tana rubuta tarihinta da na danginta, abin da ya zama littafin Baba of Karo a 1954. Baba ta rasu a 1951. Da an yi jinkirin shekara biyu, da duk abin da ke kanta ya bi ta kabari.

Abin da za a tambaya

A samu littafi guda na rubutu, ko a ɗauki muryarta a waya da izininta. A bi zuri'a hawa uku: kakanni, iyaye da 'yan'uwansu, sannan ku da 'yan'uwanku. A yi ɓangaren uwa daban, na uba daban. Kada a tambaye ta da sunayen asibiti, a tambaye ta abin da idonta ya gani.

Na ɗaya, wa ya yanke jiki ya faɗi, ko ɓarin jikinsa ya shanye, ko aka wayi gari babu shi alhali lafiya ya kwanta? Yana da kamar shekara nawa? Likitoci suna ɗaukar abin da muhimmanci idan ciwon zuciya ya sami uba ko ɗan'uwa kafin shekara 55, ko uwa ko 'yar'uwa kafin 65.

Na biyu, wa ya yi fama da yawan fitsari da ƙishirwa da rama, ko gyambon ƙafa da ya ƙi warkewa? Wannan kan nuna ciwon suga, wanda yake bin jini sosai.

Na uku, wa ya kumbura, ƙafa da fuska, fitsari ya ragu? Ƙoda ko zuciya ake zargi.

Na huɗu, a cikin mata wa ta yi jijjiga ko kumburi da juna biyu? Macen da mahaifiyarta ko 'yar'uwarta ta yi wannan ta fi shiga haɗari, don haka ta fara awo da wuri, ta kuma faɗa wa ma'aikatan awo tun ranar farko.

Na biyar, wa ta yi ciwon nono da ya ƙi jin magani, musamman kafin shekara 50? Wane namiji ne fitsari ya riƙa tsare masa da ya manyanta?

Na shida, wa ya makance a hankali ba tare da ciwo ko yana a ido ba? Hawan jinin ido yana bin dangi, kuma ganin da ya tafi ba ya dawowa. Mai irin wannan tarihi kada ya wuce shekara 40 bai je an auna idonsa ba.

Na bakwai, yara nawa aka rasa suna ƙanana, kuma da wace alama? Ciwon gaɓoɓi lokacin sanyi, kumburin hannu da ƙafa ga jariri, ɗashewa da shawara mai dawowa, duk alamun amosanin jini ne, wato sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da AS. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Gidan da ake auren zumunci ya fi kowa bukatar wannan tambaya da kuma gwaji kafin a sa rana.

Na takwas, wanda ya fi shafar aikina: wa magani ya taɓa yi wa illa? Akwai wani ƙarancin sinadari a ƙwayoyin jini da ake kira G6PD, yana da yawa a Afirka ta Yamma, kuma ɗa namiji daga uwa yake gadonsa. Mai shi lafiyarsa lau, sai ranar da ya sha wasu magunguna irin su primaquine, dapsone, nitrofurantoin ko Septrin, jininsa ya fara fashewa, ido ya yi ɗorawa, fitsari ya koma kamar baƙin shayi. Ƙwallon kafur da ake sakawa cikin kayan jarirai ma yana tayar da shi, ya jawo wa jariri shawara mai tsanani. Tunda ta wajen uwa yake biyowa, labarin kawunnai ake nema a nan. In kaka ta ce “kawunku wane ya taɓa shan magani fitsarinsa ya yi baƙi”, to a faɗa wa likita da mai ba da magani kafin a rubuta wa yaran gidan komai.

Wanda ya samu ɗaya daga cikin waɗannan a gidansu kada ya tsorata. Gadon haɗari daban, kamuwa da cuta daban. Amfanin sanin shi ne a fara gwaji da wuri, a rage gishiri da dunƙulen miya, a motsa jiki, a bar taba, a kuma kai littafin nan asibiti duk ranar da za a ga likita.

A ƙiyasta shekarunta

Cikin abin da za a rubuta har da shekarun ita kanta tsohuwar. Mun saba da cewa “ai ta fi ɗari” ga duk wadda ta ranƙwafa. A wurin mai harhaɗa magani wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin da shekaru da nauyin jiki da sakamakon gwajin jini muke lissafa ƙarfin ƙoda, da shi kuma ake sanin adadin maganin da jiki zai iya ɗauka. In babu takarda, a bi ta abubuwan da suka faru. Tana da wayo lokacin da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna a 1956? An yi mata aure kafin samun 'yancin kai a 1960? Wane ɗa take goyo lokacin da aka kashe Sardauna a Janairun 1966? Wa aka haifa shekarar canjin hannu a 1972, ko shekarar da naira ta maye gurbin fam a 1973? Da amsa biyu ko uku za a kusanci gaskiya. Jariran yau kuma a yi musu rajista a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, kada jikokinsu su sha irin wannan lissafi.

A kula da mai labarin

Ba zai yiwu mu kwashi labari a wurin tsohuwa mu bar ta da ledar magunguna babu mai dubawa ba. Abin da na fi gani a nan Abuja shi ne an ɗauko Hajiya daga gida don ta huta, wannan ɗa ya kai ta asibitinsa, waccan 'ya ta kai ta nata, jika ya aiko da na ƙarin jini, maƙwabciya ta kawo jiƙo. Sai ka tarar tana shan maganin hawan jini iri ɗaya sau biyu da sunan kamfani daban-daban.

Ƙodar tsoho ba ta tace magani kamar ta saurayi. Magungunan ciwon gwiwa irin su diclofenac, ibuprofen da piroxicam suna iya huda ciki, su hau da jini, su raunana ƙoda, don haka kada a mayar da su abin sha kullum. Haɗin ƙwayoyi da ake ƙullawa a leda na “ciwon jiki” galibi da irin waɗannan a ciki, wani lokaci har da dexamethasone mai tayar da suga. Glibenclamide na ciwon suga yakan sauke sugan tsoho fiye da kima, musamman in bai ci abinci ba ko yana azumi. Diazepam da Piriton suna sa jiri da magagi, kuma faɗuwa ɗaya a banɗaki kan karya ƙugun tsohuwa ta kwanta ke nan. Kada a tsayar da maganin da likita ya rubuta da ka. A tattara duk abin da take sha, na asibiti da na gargajiya, a zuba a leda ɗaya a kai wa likita ko mai harhaɗa magani ya duba, aƙalla sau biyu a shekara. A kuma wakilta mutum ɗaya a gida ya zama shi ke ba ta magani.

A ƙasar da matsakaicin tsawon rai bai kai shekara 60 ba, galibi saboda yawan mutuwar ƙananan yara, samun tsohuwa 'yar tamanin ko casa'in a gida baiwa ce. Hajiya Dada ta ga hawa huɗu na sarautar Katsina, ta binne miji da manyan 'ya'ya. Kusan kowane gida akwai mai irin wannan dogon gani, ko da duniya ba ta san sunanta ba. In taku tana raye, kada a jira sai hutun Sallah. A kira ta a wannan mako, a gaishe ta, a tsokane ta, sannan a ɗauko littafi da biro.

Allah Ya ƙara wa iyayenmu da kakanninmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.